Magen Hostel Tana Tari: Curin Gashi Ne, Ko Numfashi Ke Neman Gagararta?

A zangon karatun da ya wuce, ana tsakiyar jarabawa, wajen ƙarfe biyun dare ina zaune da abokin zamana muna fama da lissafi, sai magen bulok ɗinmu ta fito daga ƙarƙashin gado. Wannan mage ba ta kowa ba ce, kuma ta kowa ce. Mu dai ta zaɓi ɗakinmu ne saboda muna ajiye mata kan kifi, mu kuma muka bar ta saboda tun da ta tare ɓera bai ƙara huda mana buhun garin kwaki ba. Tana fitowa sai ta durƙusa, ta miƙar da wuya har haɓarta na neman taɓa siminti, ta shiga fitar da wani busasshen sauti, hus, hus, hus, kamar ana matsa famfon keke.

Abokina ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Rabu da ita malam, gashi ne ya taru mata, yanzu za ta amayar. Na sha gani a TikTok." Muka jira, babu abin da ya fito. Ta haɗiye yawu, ta koma makwancinta. Haka aka yi ta yi har kusan mako uku, mu kuwa muna ta ɗiga mata man gyaɗa a abinci wai don gashin ya zame. Ran nan da asuba muka same ta zaune, baki buɗe, cikinta na hawa da sauka kamar wadda ta yi tsere. A kwali muka sa ta, muka tari adaidaita sahu zuwa asibitin dabbobi.

Tambayar farko da likita ya yi mana ita ce, "Kun taɓa ganin gashin da idonku?" Muka ce a'a. Ta biyu, "Me kuke kunnawa a ɗakin?" Muka lissafo: maganin sauro na naɗi kowane dare, turaren wuta, da risho in za a dafa Indomie, ga taga a rufe saboda sanyi. Ya girgiza kai. Ashe asma ce, mu kuma mako uku muna maganin abin da babu shi. Magen ta rayu, amma saura ƙiris. Kama da wane ba ta wane, kuma wannan kuskuren da muka yi masu kiwon kyanwa da yawa suna yin sa.

Yadda gashi ke shiga cikin kyanwa

Duk wanda kyanwa ta taɓa lasar hannunsa ya san harshenta kaushi gare shi kamar sanfefa. Dalili kuwa, an shimfiɗe shi da ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa zuwa baya, wajen maƙogwaro. Da keratin aka yi su, sinadarin da ke cikin farcenmu da gashinmu. A shekarar 2018 wasu masu bincike biyu a jami'ar Georgia Tech ta Amurka, Alexis Noel da David Hu, sun duba harshen kyanwa da na danginta irin su zaki da damisa. Sun ƙirga ƙayoyi kusan 290 a harshen kyanwar gida, suka kuma gano cewa bakin kowace ƙaya yana da ɗan rami kamar ludayi, wanda ke ɗibar yawu ya kai shi har gindin gashi. Da wannan take wanka, da shi take taje jiki, da shi kuma take sanyaya jikinta in yawun ya bushe.

Kyanwa kan ɓatar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin da take farke tana wannan lasa. Matsalar ita ce, tunda ƙayoyin baya suke kallo, duk gashin da ya maƙale a harshe ba ta iya tofar da shi. Dole ta haɗiye. Cikinta kuma ba ya narkar da keratin. To ina gashin yake zuwa? Mafi yawansa yana bin hanji ya fita a kashi, ba tare da kowa ya sani ba. Wannan shi ne ƙa'ida ga lafiyayyar kyanwa. Wani lokaci ne kawai wani sashe ke tsayawa a tumbi, ya cuɗe da majina da guntun abinci, ya yi ta tara sabon gashi har ya fi ƙarfin ƙofar hanji. A nan ne tumbi ke turo shi waje ta baki.

Duk da ana kiransa curi ko dunƙule, in ya fito ba zagayayye za ka gan shi ba. Dogo ne kamar yatsa, saboda ya matso ta siririyar hanyar abinci. Cibiyar lafiyar kyanwa ta jami'ar Cornell ta ce yawanci tsawonsa wajen inci 1 ne, amma yakan kai inci 5. Sau da yawa mutum kan ɗauka kashi ne aka yi masa a tsakar ɗaki, sai ya tona da tsinke ya ga gashi ne zalla.

Hanya biyu ce, kada a haɗa su

Ga inda maganar take. A wuyan kyanwa, kamar a namu, hanyoyi biyu ne. Ɗaya ta abinci, mai gangarawa tumbi. Ɗaya ta iska, mai shiga huhu. Curin gashi a tumbi yake zaune, don haka ta hanyar abinci zai fito, kuma sunan wannan amai. Tari kuwa aikin hanyar iska ne: huhu ke turo iska da ƙarfi don ya kori abin da ya dame shi. Kenan kyanwa ba ta fitar da gashi da tari. Masu jin Turanci ne suka saba amfani da kalmar tari in suna maganar fitar curin gashi, mu kuma muka kwaso daga bidiyoyinsu ba tare da tacewa ba.

Yaya za ka bambance? Mai shirin amai takan fara da lashe leɓe da yawan haɗiyar yawu, wani lokaci ta yi wani irin kuka mai kauri, ta rasa inda za ta zauna. Daga nan cikinta ya riƙa matsewa da ƙarfi, ka ji sauti mai danshi daga can ƙasa, gul, gul, gul. A ƙarshe wani abu yana fitowa: gashi, ko abinci, ko ruwa mai launin rawaya. Tana gamawa ta tafi harkarta.

Mai tari kuwa durƙusawa take yi, ta manne ƙirji da ƙasa, ta miƙe wuya gaba, wani lokaci tana kaɗa kai dama da hagu. Sautin busasshe ne, daga ƙirji yake fitowa, a jere a jere. In ta gama sai ta haɗiye wani abu, shi ke nan. Babu komai a ƙasa, in ma akwai to ɗan kumfa ne fari. Tari mai tsanani yakan ƙare da kakarin amai, shi ya sa abin ke rikita mutane. Amma riƙe wannan: in kyanwa ta yi ta wannan yunƙurin kwana da kwanaki ba ka taɓa tsintar gashi ba, ɗauka tari ne har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Wata dabara mai sauƙi: ɗauki bidiyo. Kyanwa ba za ta yi tari a gaban likita don ka roƙe ta ba. Daƙiƙa 30 na bidiyo a wayarka ya fi dogon bayanin baka.

Me ke sa kyanwa tari?

Na gaba-gaba shi ne asma da kumburin hanyoyin iska. Ƙiyasin masana ya nuna tana kama tsakanin kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na kyanwoyi, kuma yawanci ana gano ta suna da shekara 4 zuwa 5. Yadda take aiki daidai yake da ta mutum. Kyanwa ta shaƙi abin da jikinta ba ya so, garkuwar jiki ta harzuƙa, bangon ƙananan bututun huhu ya kumbura, majina ta taru, naman da ke zagaye da bututun ya tsuke. Iska ta shiga da ƙyar, fitarta kuma ya fi wuya. Shi ya sa za ka ga tana tura ciki in za ta fitar da numfashi, wani lokaci har ka ji ɗan sauti kamar usur.

Yanzu dubi ɗakinmu na ɗalibai da idon mai asma. Hayaƙin maganin sauro, turaren wuta, turaren feshi, hayaƙin risho da gawayi, taba da shisha ga masu sha, hayaƙin janaretan masu shago da ke bayan taga, tsohuwar katifa mai ƙura, ga danshi da fumfuna a bango in damina ta yi nisa. In hunturu ya shigo kuma sai ƙura ta ƙaru, kowa ya toshe taga, hayaƙin ya rasa mafita. Kyanwa a ƙasa take rayuwa, hancinta bai fi taƙi ɗaya daga siminti ba, daidai inda muke ajiye maganin sauro, inda kuma ƙura ke sauka in an yi shara.

Na biyu, tsutsotsi. Magen makaranta mafarauciya ce. Akwai tsutsar huhu da ke fara rayuwarta a jikin dodon koɗi, ta wuce jikin ɓera, tsuntsu, kwaɗo ko ƙadangaren da ya ci shi, kyanwa kuma ta ci su. Tsutsar ciki ma, irin doguwar nan mai kama da taliya, 'ya'yanta kan ratsa ta huhu kafin su sauka hanji. Akwai kuma tsutsar zuciya wadda sauro ke yaɗawa, a jikin kyanwa alamunta na kama da na asma sosai. Wannan ne ya sa likita kan nemi kashin kyanwa ya auna, ya ɗauki hoton ƙirji, kafin ya yanke hukunci.

Na uku, mura da ciwon huhu. Murar kyanwa ta fi zuwa da atishawa, majina da kwantsa a ido, ta fi kuma kama ƙananan 'ya'ya. In ta gangara ƙirji sai tari mai danshi, zazzaɓi da ƙin cin abinci su biyo baya. Na huɗu, wani abu ya maƙale: ganyen ciyawa a bayan hanci, ko ƙayar kifi a maƙogwaro. A tsofaffin maguna kuma akan samu ƙari a huhu. Abin lura, kare mai ciwon zuciya yakan yi tari, amma kyanwa ba kasafai ba. Ita tata alamar saurin numfashi ne.

Ƙirga numfashinta

Wannan gwaji ne da kowa zai iya, ba ya cin ko sisi. Bari sai tana barci, ka zuba wa haƙarƙarinta ido. Hawa ɗaya da sauka ɗaya numfashi ɗaya ke nan. Ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Lafiyayyar kyanwa mai barci ba ta cika wuce 30 a minti ɗaya ba. In kullum kana samun sama da haka, a kai ta a duba. In ya haura 40 tana kwance ba ta yi gudu ba, kada a kwana.

Akwai alamun da ba a jira da su ko na awa ɗaya. Kyanwa ba kare ba ce, ba ta haki da baki buɗe haka kawai. In ka ga tana numfashi ta baki alhali tana hutawa, ko dasashinta da harshenta sun koma shuɗi-shuɗi ko fari fat, ko ta zauna ta ware hannuwa ta kasa kwanciya, to iska ce ba ta isarta. Kada ka matse ta, kada ka ɗura mata ruwa ko magani. Sa ta a kwali mai huji, ka rage hayaniya, ka nufi asibiti. Tsoro kaɗai kan iya ƙarasa kyanwar da ke wannan hali.

Asma ba ta warkewa gaba ɗaya, amma ana zaune da ita lafiya. Likita kan ba da maganin rage kumburi irin su firedinisolon, da mai buɗe hanyar iska irin salbutamol. Har abin shaƙa irin na mutane ana amfani da shi, ta wani bututu mai ɗan murfi da ake kifa mata a fuska. Sai dai awo da zaɓin magani aikin likita ne. Maganin rage kumburi yana raunana garkuwar jiki, in aka ba kyanwar da ƙwayar cuta ke cin huhunta sai abin ya ƙara ta'azzara.

In kuma da gaske gashin ne fa?

Curin gashi jefi-jefi ba abin tayar da hankali ba ne, musamman ga masu dogon gashi irin 'yan Farisa. Magen gida mai gajeren gashi kuwa za ta iya shekara ba ta amayar da shi ba. Don haka in ya zama ruwan dare, tambayar da za ka yi ita ce me ya sa. Amsar biyu ce: ko dai gashin da ke shiga ya yi yawa, ko kuma hanjin ba ya tura shi yadda ya kamata.

Gashi yana yawa ne in tana lasar jiki fiye da kima, kuma babban mai jawo haka shi ne ƙuma. Buɗa gashin gindin wutsiyarta, in ka ga baƙin gari kamar barkono, ɗora shi a jiƙaƙƙiyar farar takarda. In ya yi ja, kashin ƙuma ne. Ƙaiƙayin fata, ciwo a wani sashe na jiki, da damuwa irin ta sauyin wuri su ma suna sa lasa, har ka ga cikinta ko cinyarta sun yi sanƙo. Ta ɓangaren hanji kuwa, kumburin hanji mai daɗewa kan fara bayyana ne da yawan aman gashi da ramewa.

Haɗari mafi girma shi ne curin ya wuce tumbi ya toshe hanji. Alamunsa: amai a kai a kai, ƙin cin abinci, kasala, kashi ya ƙi fita, ciki ya kumbura ko ta ƙi yarda a taɓa shi. Wannan sau da yawa sai tiyata. Kyanwar da ta wuni ta kwana ba ta sa komai a baki ba tana bukatar likita, don yunwar kwanaki kaɗan kan taɓa hantar kyanwa, musamman mai ƙiba.

Rigakafin mai sauƙi ne. A riƙa taje ta da burushi ko ƙaramin mataji, kullum ga mai dogon gashi, sau biyu a mako ga mai gajere, sannan a goge ta da jiƙaƙƙen ƙyalle. Gashin da ya fita a mataji ba zai shiga tumbi ba. A ajiye mata ruwa mai tsabta, a raba mata abinci kaɗan-kaɗan maimakon tuli ɗaya, a ba ta maganin tsutsa da na ƙuma wanda aka yi don kyanwa. Akwai man lasa na musamman a shagunan magungunan dabbobi da ke taimaka wa gashi zamewa.

Abubuwan da ba a yi

Kada ka ɗura mata mai a baki, ko na gyaɗa ko farafin. In ya kuskure ya bi hanyar iska, ciwon huhu mai muni zai jawo. Kada ka ba ta farasitamol ko da ɓari ne. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin sarrafa shi, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta. Haka maganin tari da na mura na mutane, da yawansu akwai farasitamol a ciki. Kada ka shafa mata fiya-fiya don kashe ƙuma, kada kuma ka fesa a ɗaki tana ciki. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin shi ma guba ne gare ta. In ka ga zare na leƙowa daga bakinta ko duburarta, kada ka ja, domin yana iya yanka hanji.

Sai wani gargaɗi da ya shafi ranka kai kanka. In mage tana dalalar da yawu, tana yi kamar abu ya shaƙe ta, halinta kuma ya sauya, kada ka cusa yatsa a bakinta neman ƙaya. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa, kuma haka yake iya bayyana. In ta cije ka ko ta yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka wuce asibiti a ranar.

Na san wani zai ce, ai dama gashin mage ne ke sa wa mutane tarin fuka. Ba haka ba ne. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma daga mutum zuwa mutum ta fi yaɗuwa, ta iska. Asmar kyanwa ma ba a ɗaukarta. Abin da yake gaskiya shi ne, akwai wani sinadari a yawun kyanwa da fatarta da ke tayar wa wasu mutane atishawa, ƙaiƙayin ido ko asmarsu. In abokin zamanka na cikin irin waɗannan, haƙƙinsa ne a fitar da magen daga ɗaki, ba gardama.

Likitan dabbobi bai yi nisa kamar yadda muke zato ba. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, ga na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri. Mu karo-karo muka yi a bulok, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, kuɗin ya haɗu kafin azahar.

Daga ranar muka daina kunna maganin sauro, muka ɗaura gidan sauro, muka mai da risho baranda, muna yayyafa ruwa kafin shara. Tarin magen ya ragu sosai. Abin da ba mu zata ba, abokin nawa da kullum yake tashi da toshewar hanci yana ɗora laifi a kan sanyi, shi ma ya samu sauƙi. Don haka in magen bulok ɗinku ta durƙusa tana wannan sautin, duba ƙasa ka gani ko akwai gashi. In babu, ɗauki bidiyo, ƙirga numfashinta, ka buɗe taga.